Yadda Ake Auna Ruwan da Itace Yake Sha

Ruwan da saiwar itace take zuƙa daga ƙasa ba ya zama a jikinsa. Fiye da kashi 95 cikin 100 yakan fice ta ƙananan ƙofofin ganye ya bi iska, watau gumin itace ke nan. A Samaru ruwan sama na shekara bai fi milimita 1,000 da 'yan kai ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Saboda haka ma'aikacin gandun daji da aka umurta ya dasa turare a bakin fadamar Kubanni, ko kusa da rijiyoyin Sabon Gari, ya kamata ya san abin da kowane itace zai ɗiba da rani.

Hanya mafi tsufa ita ce ta sikeli. Wani Bature mai suna Stephen Hales ya bayyana ta a 1727: a shuka tsiro a tukunya, a rufe bakin ƙasar, a riƙa aunawa safe da yamma. Nauyin da ya ragu shi ne ruwan da ya fita ta ganye. Da irin wannan dabara, amma da babban tanki da aka binne a gona, masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, irin su Kowal da Kassam, suka auna ruwan da masara da gero suke sha a shekarun 1970. Sai dai ƙaton maɗaci ba ya shiga tanki.

Don haka aka koma ga gangar jikin itacen. A 1985 wani Bafaranshe, André Granier, ya fito da hanyar allura biyu. Ana soka su cikin farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo, ɗaya bisa ɗaya, a ɗumama ta saman da lantarki. Idan ruwa yana hawa da sauri sai ya kwashe zafin, bambancin ɗumin alluran ya ragu. Da dare kuwa, in hawan ya tsaya, sai bambancin ya ƙaru. Amma allura saurin ruwa kaɗai take faɗa. Dole a auna faɗin farin itacen kafin a san yawan lita, kuma a nan ne lissafi ya fi ɓacewa.

Har ila yau akwai batun lokaci. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi sabo da kaka. Wanda ya auna shi a Agusta zai ce ba ya shan kome, alhali kuwa cikin hunturu da bazara yake jawo ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa, lokacin da rijiyoyi suke ja da baya.