Haidurojin: matasan da ke neman wuta da taki a cikin ruwa

Duk wanda ya yi watan Afrilu a Yamai ko Damagaram ya san abin da ɗaukewar wuta ke nufi: fanka ta tsaya, ƙanƙara ta narke, mai walda ya naɗe hannu. A Agustan 2023, da Nijeriya ta katse layin da ke kawo wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, lamarin ya ƙara muni. Ga rana kamar ta ƙona mutum, ga tashoshin sola a Malbaza da Gorou Banda, amma da magariba ta yi sai su yi shiru. Yadda za a ajiye ƙarfin rana har dare, ko har wata guda, shi ne abin da wasu matasa masu bincike suka sa a gaba.

A 2021 cibiyar WASCAL ta buɗe karatun digiri na biyu kan makamashi da haidurojin, da kuɗin ma'aikatar ilimi da bincike ta Jamus. Rukunin farko ɗalibai 60 ne daga ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma. Jami'o'i huɗu ke ɗauke da shirin: ta Abdou Moumouni a Yamai, da na Abidjan, Dakar da Lome. Fannin Yamai shi ne wutar sola. Zangon ƙarshe kuwa a Jamus ɗaliban ke yin sa, tare da cibiyar bincike ta Jülich da jami'ar Aachen.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ruwa haɗin iska biyu ne, haidurojin da oksijin. In aka ratsa shi da wutar sola sai su rabu, a tara haidurojin a tanki. Ranar da ake son wuta, sai a tura shi cikin wata na'ura mai kama da batiri, inda zai sake haɗuwa da oksijin na iska ya ba da lantarki. Ba ƙara, ba hayaƙi, ruwa kawai ke ɗigowa. Muddin akwai haidurojin a tanki, wannan batiri ba ya neman caji.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kilo ɗaya na haidurojin na cin aƙalla lita 9 na tataccen ruwa da wutar da ta kai kilowat-awa 50 ko fiye, alhali abin da ke cikinsa bai wuce 33 ba. Kafin a mayar da shi lantarki, wajen kashi biyu cikin uku na wutar farko ya salwanta. Na'urorin kuma da yawansu na buƙatar filatinum da iridiyum, ƙarafa masu ɗan karen tsada. Don haka mai son kunna fanka a gidansa, faranti da batiri sun fi masa sauƙi. Aikin masu binciken shi ne rage waɗannan ƙarafa, da gano yadda na'urorin za su jure zafi da ƙurar Sahel, da lissafin ruwa a garuruwan da mata ke kwana a layin famfo.

Inda haidurojin zai fi taɓa talaka shi ne gona. Da shi ake haɗa amoniya, uwar takin yuriya da manoman Maradi da Tawa ke saye da tsada daga waje. Yau galibi daga iskar gas ake samo shi. In aka samo shi daga rana da ruwa, ƙasa mai rana za ta iya yin takinta.

A Mali ma akwai abin dubawa. A ƙauyen Bourakébougou, masu haƙar rijiya sun ci karo da haidurojin a ƙarƙashin ƙasa a 1987, kuma a 2012 aka fara kunna wa ƙauyen wuta da shi.

Babbar barazanar ita ce ta mutane. Matashin da ya saba da ɗakin gwaji a Jamus, in ya dawo bai tarar da kayan aiki ko albashi ba, zai sake ɗaure jakarsa. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da aka haifa a 1929, ya yi karatu a Faransa, ya dawo ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera murhun rana da na'urorin dafa ruwa. Ya samu wurin aiki ne shi ya sa ya zauna. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa ta horar da sabbin hannu. Saura gwamnati da ƴan kasuwa su ba su abin yi a gida.