Buɗaɗɗiyar Tsohuwar Mota a Kaduna: Saye da Riƙo

Motar da a da ake kira akwala, ake jin kunyar ajiye ta a ƙofar gida, ta fara samun masu nema a Kaduna. A Unguwar Rimi, Malali da Unguwar Sarki, inda tsofaffin ma'aikatan gwamnatin Arewa da manyan sojoji suka gina gidaje, akan tarar da Marsandi ko Fijo a garejin baya, tayoyi sun sace, ƙura ta lulluɓe ta. 'Ya'ya da jikoki ne ke jawo su waje yanzu. Mai babban buri a cikin masu neman kuwa shi ne wanda ya ce sai buɗaɗɗiya, wadda ake naɗe rufinta a baya.

Dalili na kusa shi ne hoto. Lexus da Prado sun zama ruwan dare a titin Ahmadu Bello da Ali Akilu, kuma abin da kowa ke da shi ba ya burge kowa a Instagram. Ango da amarya cikin motar da ta girmi iyayensu sun fi jan ido. Akwai kuma tsohon ƙwarjini: a idon mutanen Arewa buɗaɗɗiyar mota ta mulki ce, a irinta gwamna ke duba fareti, ɗan takara ke ɗaga wa jama'a hannu. Tattalin arziki ma ya sa baki. A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, dokar kwastam ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, sannan dala da ke kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Dole ido ya koma kan abin da ke cikin gida.

Sai dai a ganina tushen abin yana tsallaken kogin Kaduna. A Kakuri kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a 1975, kuma samfurin 504 ba ta daina fitowa daga can ba sai 2006, shekaru bayan Faransa ta bar ƙera ta. Ita ce motar ma'aikatar gwamnati, ita ce ta haya a tashar Kawo, da ita kanikawan garin suka koyi aiki. Shi ya sa mutumin Kaduna ke ganin duk abin da aka kira Fijo ba zai gagare shi gyara ba.

A nan ne mai saye yake yaudarar kansa. Buɗaɗɗiyar 504 ba Kakuri ta haife ta ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, ya ƙera gangar jikinta, ta fito a 1969 aka tsayar da ita a 1983, kuma kimanin 8,000 kacal aka yi, alhali jimillar 504 ta haura miliyan uku. Ta fi ta gida gajarta. Ƙofa, fitila, gilashi, bonet, babu wanda za a ciro daga tsohuwar tasi a ɗaura mata. Injin ma da bambanci: kanikawanmu sun saba da kafireto, ita kuwa mai silinda huɗu famfon feshin mai na Kugelfischer ne ke shayar da ita, wasu kuma injin V6 ne a cikinsu. Haka labarin yake ga Marsandi SL da aka ƙera daga 1971 zuwa 1989. Ƙaramin abu ya lalace, sai an yi odarsa daga Turai da kuɗin waje, motar na zaune.

Yanayin garin ma ba ya ragawa. Damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwa fiye da milimita 1,000 a shekara. Robar da ke bakin rufi ta tsufa, ruwa ya kwanta ƙarƙashin kafet, tsatsa ta ci ƙasan motar ba a sani ba. Ita kuwa mota marar rufin ƙarfe ƙarfinta duka a ƙasan yake. Hunturu ya zo da ƙura, zafin Maris da Afrilu ya fasa fatar kujeru. Kwanakin da za a buɗe saman a ji daɗi ba su da yawa. Ga tsadar fetur tun da aka janye tallafi a 29 ga Mayun 2023, ga waɗannan injina ba su san tsimi ba.

Takardu wani rami ne daban. Yawancin motocin da sunan mamaci suke, kuma wanda ya saya hannun ɗa guda ba da yardar sauran magada ba ya sayi rigima. Wadda aka shigo da ita kafin Afrilun 1972, lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, galibi sitiyarinta a dama yake, abin da dokar hanya ta haramta yanzu.

Wanda ya ci ribar wannan yayi shi ne mai sana'ar hannu. A Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, mai walda yakan yanka sabon ƙarfe ya maye ruɓaɓɓe, mai ɗinkin kujeru ya auna tsohon rufi ya ɗinka wani, mai juya ƙarfe ya ƙera abin da ya ɓace a kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, sai dai zumar tana ƙarewa: masu saita inji da kunne sun manyanta, yaransu kuma kwamfutar gano matsala suke koyo, don a can cinikin yake. Ɓarnar kuwa iri biyu ce. Wanda ya rasa ta asali yakan kai 504 lafiyayya a yanke mata rufi, ta zama ba ta tsira ga haɗari ba, ba ta da darajar sayarwa. Sannan 'yan gwangwan suna zagaya unguwannin nan da kuɗi a hannu, suna saye a kan nauyin ƙarfe, kuma magajin da ya gaji da ganin mota a tsakar gida yakan sallama musu kafin mai sha'awa ya ji labari.