Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Akwai ayyukan da ba a yin su sai da lasisi, kamar aikin likita da na lauya da na ungozoma. A ƙasar Kanada an daɗe 'yan asalin ƙasar, wato al'ummun da Turawa suka tarar a can, ba su da yawa cikin waɗannan ayyuka. Bari mu duba dalili, mu kuma ga gyaran da aka yi.

Dokar 1876 ta tanadi cewa ɗan asalin da ya zama likita ko lauya zai rasa matsayinsa na ɗan ƙabilarsa a idon hukuma. Ke nan ilmi ya zama abin da ke raba mutum da danginsa. Ga kuma makarantun kwana inda aka riƙa hana yara magana da harshensu. Shi ya sa iyaye da yawa suka yi baya-baya da boko.

Matakin farko na gyara shi ne shigar da su. A 1973 Jami'ar Saskatchewan ta fara wani kwas na mako 8 domin shirya 'yan asali kafin su shiga karatun lauya.

Na biyu shi ne horo kusa da gida. A 2005 aka buɗe makarantar likitanci ta arewacin Ontario a garuruwan Sudbury da Thunder Bay, aka tsara ɗaliban shekarar farko su yi mako 4 suna zaune cikin al'ummar 'yan asali.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne riƙe su. Wasu ƙauyukan sai a jirgin sama ake zuwa. Ma'aikaci yakan tarar da ƙarancin gidaje, da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, wani lokaci har da raini daga abokan aiki. In ya gaji sai ya koma birni. A 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta ba da shawarwari 94. Ta 23 ta nemi a ƙara yawan 'yan asali cikin aikin lafiya, a kuma tabbata ma'aikatansu sun zauna cikin al'ummunsu.

Me ya sa aka damu haka? Tsohuwar da ba ta jin Turanci za ta fi sakin jiki ta faɗi ciwonta ga wanda ke jin harshenta. Mu ɗalibai masu burin zama likitoci da lauyoyi, sai mu tambayi kanmu tun yanzu: in mun gama, wa za mu koma mu yi wa aiki?