Langa: Yadda Ake Zaɓen Ruwa, a Jera Dawaki, a Kai ga Sha

Idan kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, farin wata kuma ya fito, langa na cikin wasannin da samari ke raya dandali da su a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Mai kallo daga gefe sai ya ɗauka bangaje-bangaje ne kawai, wanda ya fi ƙarfi ya yi nasara. Waɗanda suka daɗe suna yin ta sun san ba haka ba ne. Yawancin wasan langa tun wajen rabon aiki ake cin sa ko a faɗi, kafin kowa ya ɗaga ƙafa.

Ga yadda wasan yake. Ana rabuwa gida biyu. Kowa zai naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, galibi ƙafar hagu da hannun dama, ya riƙa tsalle da ɗayar. Duk wanda ya saki ƙafarsa ko ya faɗi ƙasa, ya mutu, sai ya koma gefe. Ɓangaren da ke da wasa zai fitar da mutum ɗaya a matsayin ruwa, sauran su zama dawakinsa. Akwai wurin da aka keɓe, wato wurin sha. Idan ruwa ya ratsa abokan karawa ya isa can bai saki ƙafa ba, ya sha. Idan aka kashe shi a hanya, ko da duk dawakinsa na tsaye, wasa ya juya. Ƙananan ƙa'idoji kan bambanta daga gari zuwa gari, shi ya sa ake fara daidaitawa a kansu.

Wahalar langa daga jiki take farawa. Mai tsaye da ƙafa ɗaya, tafin nan guda ne ke ɗauke da nauyinsa duka, kuma da zarar ƙirjinsa ya karkata ya wuce tafin, dole ya yi tsalle ya taro kansa ko ya zube. Don haka gwani ba ya dogon tsalle sai da dalili. Yakan ɗan lanƙwasa gwiwa, ya riƙa gajeren tsalle, domin lokacin da mutum ke sama ba shi da abin dogara, ɗan turi kaɗan ya ishe shi. Sannan akwai gajiya. Sha-raɓa da cinya suna saurin ɗaukar zafi, hannun da ke riƙe da ƙafa kuma yana yin gumi ya fara santsi. Da yawa ba turi ne ke kashe su ba, ƙafarsu ce ke gaza ɗaukarsu.

Kuskuren da sababbin 'yan wasa suka fi yi shi ne ba wa ƙaton cikinsu ruwa. Ruwa ba aikinsa faɗa ba. Ana son mara nauyi, mai dogon numfashi, mai iya tsayawa cak ya kuma juya nan take, kuma mai sanyin zuciya wanda tsokana ba ta fizgarsa. Ruwan da ake yi wa kirari ya zabura ya shiga tsakiyar maza ya kashe ɓangarensa da kansa. Idonsa ya fi ƙafarsa muhimmanci, domin ƙofa kan buɗe ne na ɗan lokaci ta rufe.

Dawaki ma ba iri ɗaya ake so ba. Kakkaura mai faɗin ƙirji shi ake sa wa a gaba, ya tare hanya, ya sha karo bai gusa ba. Dogo mai tsawon hannu aikinsa ya hana abokin karawa matsowa, ya taɓa shi tun kafin shi a taɓa shi. Siriri mai zafin nama kuwa shi ne mai zagayawa ta gefe, ya ja hankalin mutum biyu su bi shi, a samu gurbi. Sai kuma wanda zai manne wa ruwa, ba ya barinsa ko me ake ciki, kuma nan ake sa wanda aka fi amincewa da natsuwarsa. Idan Allah ya ba ku bahago mai tsayawa da ƙafar hagu, hannunsa na dama a sake, ku riƙe shi da kyau. Kowane ɗan langa yana da gefen da ba ya iya karewa, wato gefen hannun da ke riƙe da ƙafa. Bahago yakan toshe wannan gefen ga abokinsa, kuma yana rikita waɗanda suka saba karawa da masu riƙo iri ɗaya.

In wasa na hannunku, kada ku watse. Ruwa ya tsaya a baya, dawaki su fara rage yawan abokan karawa. Lissafin mai sauƙi ne: da zarar kun fi su da mutum ɗaya, akwai wanda ba mai tsaronsa, shi zai haɗu da ɗan'uwansa su yi wa ɗaya taron dangi, sai tazarar ta ƙaru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma kada jiran ya yi tsawo, domin ruwa ma a kan ƙafa ɗaya yake jira. Dabarar da ta fi ci ita ce a matsa lamba ta gefe ɗaya har masu tsaro su karkata can, sannan ruwa ya sulale ta ɗaya gefen.

In kuwa ku ke tsaro, ku tuna ruwa kaɗai kuke nema. Dokin da ke ta tsalle a gabanku yana tsokana, so yake ku bar hanya. Ku ajiye mutum ɗaya mai haƙuri kusa da wurin sha, kada ya shiga kowace rigima. Wajen karo kuma, ba kullum ake tarar turi da turi ba. Idan ƙato ya taho da dukan nauyinsa, ka goce, ka ɗan taɓa kafaɗarsa ta gefen da hannunsa ke ɗaure, ƙarfinsa ne zai kai shi ƙasa.

Ƙasar da ake wasa a kai ma tana da nata hukunci. A yankin Babura, wajen iyakar Jamhuriyar Nijar, rairayi ya fi yawa. Rairayi na shanye tsalle, yana gajiyar da mai nauyi da wuri, amma faɗuwa a kansa ba ta ciwo. Wajen Kazaure da Roni, inda duwatsu da tsakuwa suke, ƙasa ta fi tauri, gudu ya fi sauƙi, tsakuwa kuma na iya zame da mutum. Shugaban wasa mai hankali yakan taka fili ya duba kafin ya raba aiki.

Langa ta wuce dandali yanzu. Tana cikin wasannin gargajiya, tare da dambe da kokawa da ayo da abula, da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa wanda aka fara a Legas a 1973. A gasa ana yin ta kashi uku: ruwa, tureshi da kawoshi. Tureshi na son mai kafaffiyar ƙafa da iya karo. Kawoshi na son mai ƙarfin hannu da zai jawo abokin karawa zuwa gidansu. Da wuya mutum ɗaya ya gwanance a duka ukun.

Matasan da ke buga wasannin kwamfuta masu wuya, irin Dark Souls da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2011, ko Elden Ring na 2022, sun san wannan darasi. Can ma maki ƙalilan ake ba mai wasa ya raba wa gwarzonsa tsakanin ƙarfi da zafin nama da juriya, kuma wanda ya warwatsa su ko'ina yakan tashi bai gwanance a komai ba. Sulke mai nauyi na rage saurin gocewa, kowane sara kuma na cin kuzari. Bambancin shi ne, a langa ba a ƙara wa kowa maki. Jikin da Allah ya ba yaro da shi zai shiga, shugaba ne zai gano inda ya dace da shi.

Wannan ne ya sa bai kamata a bari langa ta ɓace ba. Tana koya wa yaro cewa siriri da kakkaura kowa na da gurbinsa, kuma ba ta bukatar ƙwallo ko takalmi ko kuɗin data. Malaman firamare da na sakandare a ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da masu unguwanni da dagatai, ku ware wa yara fili mai laushi, ku shirya musu gasa tsakanin unguwanni bayan girbi. Ku kuma samari, ku riƙa motsa ƙafa tun kafin ranar karawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.