Me Ya Hana Cikinka Narkar da Kansa?

Ka ci tuwon zafi da naman saniya a Zongo da rana, kafin gari ya waye naman ya narke. To, kai ma ai nama ne. Me ya hana abin da ya narkar da na saniya ya narkar da naka?

Amsar tana wajen wata tsoka mai laushi da ke kwance a bayan tumbi. Likitoci suna kiranta fankiriyas. Ba saifa ba ce, ko da yake mutane sukan rikita su. Tsawonta bai kai taƙi ɗaya ba, amma kullum tana zuba wa hanji ruwa fiye da lita ɗaya, mai ɗauke da sinadaran narkar da nama da mai da tuwo.

Ƙananan ƙwayoyin wannan tsoka, waɗanda ido ba ya gani, su ke ƙera sinadaran. Da farko suna fitowa tsararo, cikin ruwa mai yawa. Sai ƙwayar ta zuba su cikin 'yar jaka, ta sa cikin jakar ya yi ɗan tsami. Tsamin nan shi ke sa su manne da juna, ruwan ya janye, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli take matse mai har tunkuza ta dunƙule. Jakunkunan sai su taru a bakin ƙwayar, suna jiran ka ci abinci. George Palade, wanda ya bi sawun wannan aiki, ya sami kyautar Nobel a 1974.

Ga inda hikimar take. Sinadarin narkar da nama a rufe ake ƙulla shi, kamar wuƙar mahauci a cikin kube. Ba ya zaruwa sai ya isa hanji.

Wani lokaci yakan zaru tun yana gida, tsokar ta fara cin kanta. Abu biyu suka fi jawo haka: yawan shan barasa, musamman mai ƙarfi irin akpeteshi, da tsakuwar maɗaciya idan ta toshe hanyar ruwan. Ciwon yakan kama saman ciki da tsanani, ya ratsa har baya, da amai. Kada ka ce gyambon ciki ne ka tsaya jiƙe-jiƙe. Daina cin abinci, a kai ka asibiti a ranar. Gwajin jini yana nuna shi, kuma idan ya yi tsanani za a tura ka Komfo Anokye.