Ciwon Daji a Jikin Kare: Me Jini Ke Faɗa?



Duk wanda ya biyo titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi ya san Asibitin Malam Aminu Kano, inda masu ciwon daji ke zaman jiran likita. To, ciwon nan bai tsaya kan ɗan Adam ba. Karen da ke gadin gida a Unguwar Gano, da wanda mafarauta ke fita da shi daji, su ma yana kama su.

A shekarar 2021 wani kamfani a Amurka, PetDx, ya fito da gwajin OncoK9. A lokacin, jinin kare ake ɗiba, a laluba ɓurɓushin ƙwayoyin gado da ƙarin ciwon daji ke zubarwa a ciki. A binciken da aka wallafa a 2022 kan karnuka 1,100, gwajin ya gano kashi 54.7 cikin ɗari na masu ciwon. Ke nan kusan rabi sun kuɓuce masa. A sankarar kaluluwa, da ta ƙashi, da ta jijiyoyin jini kuwa, ya kai kashi 85. Ci gaba ne babba, amma ko jini ya nuna alama, sai likita ya ɗebi tsokar ya duba kafin ya yanke hukunci.

Mu dawo gida. Akwai sankarar da ta fi addabar karnukan da ake saki suna yawo, wadda suke ɗauka wajen barbara. Za ka ga jini na ɗiga daga al'aurar kare ko karya, ga wani jan tsiro mai saurin fashewa. Wannan ba ta buƙatar gwajin Amurka. Likita zai dangwali tsiron, ya shafa a gilashi, ya leƙa ta madubin likita. Allurar binkiristin, sau ɗaya a mako na 'yan makonni, takan warkar da ita sarai. Abin da ke ci mini rai shi ne a ga dabba na zubar da jini, a kore ta bola, alhali magani na kusa.

Malam mai kare, dabba amana ce. In ka ji ƙari a wuyansa, ko ya rame, ko ya daina cin abinci, kai shi asibitin dabbobi na Kundila. In abin ya yi tsanani, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.