Ambaliyar ruwa a Adar: a nemi labari kafin a yi gini

Adar ƙasa ce ta duwatsu da faƙo. Ruwan da ke sauka a Tawa cikin shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Amma idan ya zo da ƙarfi dare guda, faƙo ba ya shan sa. Sai ya gangaro cikin ƙoramu, ya ci gonaki, ya jiƙa gindin ginin laka har ɗaki ya faɗi. A daminar 2024 mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar ta dalilin ruwa, kuma jihar Tawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har buɗe makarantu sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba.

Wanda gidansa ya faɗi yakan tambaya: wa zai biya?

A Amurka, tun 1968, gwamnati tana da inshorar ambaliya. Mai gida yana zuba kuɗi kowace shekara, kamar yadda mai mota yake yi. In ruwa ya yi ɓarna, a biya shi. A Nijar babu wannan tsari na gida-gida. Gwamnati ta taɓa shiga wata inshora ta ƙasashen Afirka mai suna ARC, har aka biya ta a 2015, amma saboda fari ne. Abin da ake ba wanda ruwa ya yi wa ɓarna taimako ne: hatsi, tabarmi, barguna. Shi ma sai wanda aka rubuta sunansa. Don haka a gaya wa mai gari da wuri, shi kuma ya kai ofishin magajin gari.

Abin da kowa yake iya samu kyauta shi ne labari. Kafin damina, cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatar hasashen yanayi suna faɗin irin ruwan da ake tsammani, rediyo kuma yana maimaitawa da Hausa. Milimita 1 tana nufin lita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Wanda ya ji an ce milimita 80 ta sauka a tudu, ya kwashe yara da dabbobi daga bakin ƙorama, ko da a garinsu ɗigo bai sauka ba.

An kuma tattara lissafin ambaliyar da aka yi a Nijar tun daga 1998, tare da taimakon ƙasar Italiya, aka sa shi a intanet. Ba kowa ke da hanyar duba shi ba. Amma mai son filin gini yana iya tambayar ma'aikatan magajin gari ko ruwa ya taɓa bin wurin. Ya tambayi tsofaffin unguwa ma. Ƙoramar da ta yi shekara 20 ba ta kawo ruwa ba, su sun san inda ta tsaya a wancan karon.